Alherin masu abin hawa a ƙasar Sassumbrum

Ƙasar Sassumbrum tana cikin gundumar Magarya, jihar Damagaram, a bakin iyaka da Najeriya. Ƙasar noma ce da kiwo. Ana noma hatsi, dawa, wake, gujiya da riɗi. Garuruwa da rugage suna da yawa, amma galibinsu babu hanyar mota mai kyau da ta kai gare su. Sai turba cikin rairayi. Da rani ƙafar mota ta nutse, da damina ruwa ya yanke hanya.

Duk da haka mutane ba su zauna wuri ɗaya ba. Ana zuwa Magarya, ana zuwa Matamai da Damagaram. Ana cin kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi. Masu dabbobi, musamman na wajen Dungas, suna cin ta Maigatari ranar Alhamis. Ana ziyarar dangi a Zango, Baure da Daura, domin iyaka ba ta raba zumunci ba. Masu ɗauke da wannan jama'a iri uku ne: direbobin mota da yaransu, ƴan kabu-kabu, da masu amalanke.

An saba jin ana kuka da su. Ana cewa suna da gudu, suna da tsada, bakinsu ba shi da linzami. Akwai gaskiya cikin wannan kuka. Amma suna da wani hali da ba a cika faɗi ba, shi ne alherin da suke yi wa talakawa kullum, ba tare da an buga ganga ba. Ya kamata manomi da makiyayi su san darajar wannan alheri, domin akwai ranar da ran mutum yake rataye da shi.

Daga jaki zuwa kabu-kabu

A da, jaki, raƙumi da takarkari su ne motar ƙasar nan. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1912, cinikin gujiya ya bunƙasa, kuma ƙasar Magarya ta zama ɗaya daga cikin manyan wuraren nomanta a Nijar. A 1962 gwamnati ta kafa kamfanin SONARA don sayen gujiya. Manyan motoci suka riƙa shigowa kasuwanni suna kwasar buhuna. Mutane kan hau bisa kaya su yi tafiya. Bayan farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gujiya a 1975, wannan ciniki ya ja baya, wake ya karɓi wurinsa a gonaki da yawa.

Daga baya motocin kasuwa suka yawaita: Land Rover, Peugeot mai buɗaɗɗen baya, sannan Toyota Hiace. Amalanken shanu da na jaki suka shiga kowane gari. Daga shekarun 2000 babura masu araha suka cika ƙasa, samari suka kama sana'ar kabu-kabu. Yanzu babur yana shiga inda mota ba ta taɓa shiga ba, har ƙofar bukkar makiyayi.

Abin hawa ya sake, amma al'ada ɗaya ba ta sake ba. Mai jaki na da ba ya wuce tsohuwa da kaya bisa kai. Jikansa mai babur shi ma ya gaji wannan.

Rashin kuɗi ba ya hana tafiya

Abu na farko da aka san ƴan tasha da shi shi ne rangwame. Tsoho ya zo da kuɗin da bai cika ba. Yaron mota ya fara gardama. Direba ya leƙo ya ce: Baba, kawo abin da ke hannunka, shiga. Haka ake yi wa makaho da ɗan jagoransa. Haka ake yi wa almajirin da zai koma gida noma in ruwa ya sauka. Mace mai goyo ba a karɓar kuɗin jaririnta, sau da yawa har yaron da ke bisa cinyarta.

Akwai kuma bashi. A watannin bazara da farkon damina, rumbu ya yi ƙasa, aljihu ya bushe. Ɗan kabu-kabu yakan kai manomi gidan likita ko wurin ta'aziyya, a bar maganar kuɗi sai kaka. In kaka ta yi, wani ya biya da kuɗi, wani da tiyar hatsi ko ta wake. Babu takarda, babu shaida. Sanayya ce kawai.

Masu amalanke kuwa ba su ma lissafa wannan cikin alheri. Wanda ya taso daga kasuwa da amalanke babu kaya yakan kwashi duk wanda ya tarar a hanya: mata masu tallar nono da ƙorensu, yara ƴan lakwal, tsoho mai sanda. In mutum ya zo mararrabar garinsu ya ce a tsaya, ya sauka, ya yi godiya. Shi ke nan.

Direba gidan waya ne

Samarin ƙasar nan da yawa suna tafiya cin rani Kano, Abuja, Legas, wasu Agadas da Libiya. Kafin salula ta zo, direba shi ne gidan wayar talaka. Shi ake ba wasiƙa. Shi ake ba kaset ɗin da ɗan cin rani ya yi magana a ciki don iyayensa su ji muryarsa. Shi ake danƙa wa kuɗi a ƙulle cikin tsumma, a ce ya kai wa Inna. Mai kuɗin ba ya ganin direban sai bayan wata shida, amma saƙo ya isa.

Yanzu akwai salula, akwai gidajen aika kuɗi a manyan garuruwa. Amma salula ba ta ɗaukar kaya. Har gobe direba ne ke kai wa ɗalibi garin tuwo da ƙuli-ƙuli a Magarya ko Damagaram. Shi ke sayo maganin da babu shi a ƙauye. Shi ke kawo ƙarfen garma daga maƙera, ko allurar dabbobi. A kan ƙaramin saƙo, da yawa ba su karɓar ko dala. In an matsa, su ce a sa musu albarka.

Ana kuma ba su amanar mutane. Yaro ƙarami da za a kai wurin kakarsa, ko tsohuwa da ba ta san birni ba, sai a danƙa su hannun direba. Shi zai zaunar da su kusa da shi, ya saya musu ruwa, in an isa ya jira har mai tarbarsu ya zo.

Mara lafiya da mai naƙuda

A nan ne alherin masu abin hawa ya fi nauyi. Daga watan Agusta zuwa Oktoba zazzaɓin sauro yana kama yara ƙwarai a ƙasar Magarya da Dungas. Lokacin ne kuma abinci ya yi ƙaranci, tamowa ta yi yawa. Shi ya sa ƙungiyar likitoci ta MSF ta zo Magarya tun 2005 don taimakon asibitin yara. A 2006 gwamnatin Nijar ta ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 kuɗin magani. Amma magani yana gidan likita, yaro yana ƙauye. Tsakaninsu akwai rairayi da tabki da dare. Wanda ke haɗa su shi ne mai abin hawa.

Ga yadda abin yake tafiya. Yaro ya fara sanƙarewa cikin dare. Uba ya buga ƙofar ɗan kabu-kabu. Yaron nan ya yini yana aiki, amma ya tashi, ya tada babur, uwa ta hau da ɗanta a ƙirji. In gidan likita na kusa ya ce ciwon ya fi ƙarfinsa, sai a nufi asibitin Magarya. Ɗan kabu-kabun kirki ba ya tsayawa ciniki a irin wannan dare. Kuɗin mai kawai yake nema, wani lokaci ma sai daga baya.

Mai naƙuda da ta wahala ba ta iya zama bisa babur. Sai amalanke. A shimfiɗa tabarma da zane, ungozoma ta zauna kusa da ita, mai shanu ya kora a hankali har bakin hanyar mota. Wanda ya ba da shanunsa a daren ya san gobe ba za su yi huɗa ba. A tsakiyar damina wannan ba ƙaramar sadaka ba ce.

Akwai alamun da in an gan su ba a jiran gari ya waye: zubar jini ga mai ciki ko mai jego, jijjiga, naƙudar da ta wuce yini ɗaya ko dare ɗaya, yaron da ya kasa shan nono ko ya sanƙare. Direban da ya san waɗannan alamu ya fi wanda bai sani ba amfani ga garinsu.

Maƙwabta a Najeriya sun tsara wannan taimako. A jihohin Jigawa, Katsina, Zamfara da Yobe an yi shiri da ƙungiyar direbobi ta NURTW. A Jigawa ana kiran shirin kula da masu ciki Haihuwa Lafiya. An koya wa direbobi ƴan sa kai alamun haɗari da yadda ake ɗaukar mai naƙuda. Aka raba lambobin wayarsu a ƙauyuka. Ba su neman riba, sai kuɗin mai. Ladan da ƙungiya ta ba su shi ne: wanda ya kai mai naƙuda asibiti, in ya dawo tasha ba ya bin layi, shi zai fara lodi. Dabara ce mai sauƙi, ba ta bukatar kuɗin gwamnati. Sandikar direbobi da ƴan kabu-kabu na wannan gefe za su iya duba ta.

Zumunci a kan hanya

Masu mota suna da doka da ba a rubuta ba: ba a wuce ɗan'uwa da ya lalace a daji. A tsaya, a tambaya. A ba shi aron jak ko famfo, a tsiyaya masa litar mai, ko a kwashi mata da yara a kai su gari. Wanda ya wuce yau, gobe za a wuce shi.

A tasha kuma akwai taimakon juna. In direba ya kwanta ciwo ko ya yi haɗari, abokan aiki sukan yi karo-karo a kai wa iyalinsa. Wanda aka yi wa haihuwa ko rasuwa akan bar masa layi ya yi lodi ya samu na hidima. Ƴan kabu-kabu da yawa suna yin adashi, wanda ya kwasa ya sayi taya ko ya gyara inji. Yaron mota ma, wanda ake kira karen mota, a hannun maigidansa yake ci, a nan yake koyon tuƙi, har wata rana ya zama direba ya ɗauki nasa yaro.

Alherin ba gefe ɗaya yake bi ba. In mota ta kafe cikin rairayi, manoman da ke kusa su ne ke ajiye hauya su zo turi. Su saro kara da reshe a sa ƙarƙashin taya. In mota ta kwana a daji, garin da ke kusa ne ke aiko da fura da tuwo. Makiyayi yakan nuna wa direba inda turba ta fi ƙarfi. Direban kirki shi ma in ya tarar da garke yana ƙetare hanya, sai ya tsaya, ba ya danna oda ya watsa shanun mutane.

Amana

Babu ranar kasuwar da ba a manta kaya cikin mota: ƙullin kuɗi, salula, buhun gishiri, takalmin yaro. A tashoshi da yawa ana kai irin wannan kaya wurin shugaban tasha har mai shi ya zo cigiya.

Wani labari ya zagaya ƙasar Hausa a watan Satumba na 2023. A Kano, wani saurayi mai tuƙa adaidaita sahu ya tarar da jakar kuɗi cikin kekensa. Wani ɗan kasuwa da ya zo daga Cadi ne ya manta ta. Kuɗin, sefa da naira, sun kai wajen naira miliyan 15. Saurayin ɗan talakawa ne. Da ya ji cigiya a rediyo, sai ya mayar da kuɗin cif. Jama'a da hukumomi suka yi ta ba shi kyauta. Nasa ya fito fili domin kuɗin suna da yawa. Amma wanda ya mayar wa tsohuwa da dala ɗari da ta ƙulle a bakin zane, shi ma amanar ce ya riƙe.

Har a ƙasashe masu nisa

Wannan hali ba na ƙasar Hausa kaɗai ba ne. Akwai wata ƙasa a gabashin duniya, bayan Indiya, ana kiranta Filipin. Tsibirai ne fiye da 7,000 cikin teku. Babban birninta Manila. Motar talakawansu ana kiranta jifni. Asalinta motocin soja ne da Amurka ta bari bayan yaƙin duniya na 2 ya ƙare a 1945. Mutanen ƙasar suka ƙara musu tsawo, suka sa benci biyu masu kallon juna, suka yi musu fenti da zane kamar yadda ake yi wa manyan motoci a nan.

A cikin jifni, wanda ke zaune a baya ba ya tashi don ya biya. Yana miƙa kuɗi ga na kusa da shi, hannu zuwa hannu har su isa ga direba. Canji ma haka yake dawowa. Dokar ƙasar ta rage wa tsofaffi, naƙasassu da ɗalibai kashi 20 cikin 100 na kuɗin mota. A 2020, lokacin cutar korona, an hana jifni aiki wata da watanni. Direbobi da yawa suka rasa abinci har suka fito bakin hanya suna roƙo. Mutanen da suka saba ɗauka su ne suka kawo musu shinkafa da kuɗi. Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Alheri yana da tsada

Kada a ɗauka mai abin hawa yana yin alheri don ya wadata. Da yawa motar ko babur ɗin ba nasu ba ne. Kowace rana ko kowane mako akwai abin da za su kai wa mai shi. Ga mai, ga gyara, ga kuɗin tasha, ga tsaye-tsayen hanya.

A ɗauki misali don lissafi. A ce mota tana ɗaukar mutum 18, kowa jika 1. Kuɗi ya kama jika 18. A ce mai ya ci jika 8, mai mota jika 5, tasha da hanya jika 2, yaron mota jika 1. Saura jika 2. In direba ya yafe wa mutum ɗaya, rabin abincin gidansa na ranar ya bayar. In ya yafe wa biyu, ya yi aikin banza.

Shekarun nan kuma sun yi wa sana'ar nauyi. Tsofaffi suna tuna rufe iyaka na 1984, shekarar yunwar da ake kira El Buhari. An sake rufewa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. A watan Mayu na 2023 Najeriya ta cire tallafin mai, kuɗinsa ya ninka kusan sau 3, man ƴan ruwa-ruwa da ake saye a kwalba ya daina araha. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka sake rufe iyaka, sai Maris 2024 aka buɗe. Duk lokacin da aka rufe iyaka, kasuwa ta mutu, mota ta yini a tasha babu fasinja. Wanda ya ci gaba da yin rangwame cikin irin wannan hali ya cancanci a gode masa.

Abin da ba alheri ba ne

Akwai abin da ke kama da taimako amma cuta ne. Mota ta cika, mutum ya roƙa, a ɗora shi bisa kaya ko ya rataya a baya. Babur ɗaya ya ɗauki mutum 4 da akuya. A haɗa jarkokin mai da fasinja cikin mota ɗaya. A ba yaro ɗan shekara 12 babur ya ɗauki mutane. Direba ya sha ƙwayar taramol don kada ya ji gajiya. Duk wannan yana kai mutane asibiti ko kabari. Direban da ya ce wa mutum babu wuri, jira ta baya, shi ma alheri ya yi masa, ko da mutumin ya ji haushi. Fasinja kuma su daina zuga direba ya yi gudu don kada kasuwa ta watse. Gara a makara da a rasa rai.

Abin da ya rage ga jama'a

Rijiya in ana ɗiba ba a yasa, wata rana za ta ƙafe. Ga abin da kowane gari zai iya yi don wannan alheri ya ɗore:

1. Wanda aka kai bashi ya biya da kaka, tun ba a tambaye shi ba. Bashin da aka hana shi ne ke sa a ƙi tashi cikin dare don wani.

2. A rubuta sunaye da lambobin salula na ƴan kabu-kabu, direbobi da masu amalanke na gari, a manna a ƙofar mai gari da ɗakin yaƙi da jahilci. Ungozoma ta samu nata kofi.

3. A kafa asusun gaggawa. Kowane gida ya ba da tiya ɗaya ta hatsi da kaka. A sayar, a ajiye kuɗin don man kai mara lafiya. A zaɓi mutum 2 da suka iya rubutu su riƙe littafi, a karanta wa jama'a lissafi.

4. Mai ciki da mijinta su yi magana da mai abin hawa tun wata na 7, su ajiye kuɗin mai gefe ɗaya.

5. Mai aika saƙo ya rubuta sunansa, sunan wanda za a ba, da sunan gari a jikin buhu. Wanda ya shiga yaƙi da jahilci ya ga amfanin karatunsa a nan.

6. Kafin ruwa ya sauka a yi gayya a gyara wuraren da mota ke kafewa. Kada manomi ya cinye turba da huɗa.

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, direba da ɗan kabu-kabu ba baƙi ba ne. Ƴaƴan gari ne, da yawansu in sun ajiye abin hawa gona suke nufa. In sun yi ba daidai ba, a gaya musu gaskiya. In sun yi alheri, a faɗa a gaban jama'a, yara su ji su koya. Allah ya kiyaye hanya, ya sauki kowa lafiya.